Muhawara: Shin Sai An Biya Kafin Shafin Kasuwanci Ya Fito a Injin Bincike?

Alhaji Mai Fata:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin harkar intanet. Kamar yadda wasunku suka sani, dukanci ne sana'ata, kuma shagona yana shiyar Madunka a nan Sakkwato, inda muke ɗinka jakunkuna da takalma da tumtum da fatar jan akuya. Wata huɗu ke nan da ɗan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet, muka ɗauki hotunan kaya muka zuba, amma har yau idan na rubuta sunan shagon a wayata ba na ganin ko alamarsa. Shekaranjiya bayan la'asar wani saurayi ya same ni a shago da kwamfutarsa a jaka, ya ce rashin rajista ne ya jawo haka, kuma idan na ba shi naira dubu 80 zai shigar da shafin cikin injinan bincike da kundayen kasuwanci guda 500, sannan cikin mako biyu zan fito a sahun farko. Ya nuna mini doguwar takarda cike da sunaye, na ce ya ba ni kwana uku in yi shawara. Shin da gaske ne sai an biya ake shiga, ko kuwa akwai hanyar kyauta?

Injiniya na Mabera:
Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Kada ka ba shi ko sisi tukuna. Google ba ya karɓar kuɗin rajista daga kowa domin ya sa shafi cikin sakamakon bincikensa, haka ma Bing. Kowane injin bincike yana da manhajar da take yawo dare da rana tana bin mahaɗai, wato wuraren da ake latsawa su kai mutum wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan, tana karanta abin da ta tarar tana adanawa. Shafin da babu wani shafi da ya nuna hanyarsa, ko wanda hotuna ne zalla babu rubutu, yakan daɗe ba a gano shi ba, ko kuma a gano shi amma a rasa abin da za a danganta shi da shi. Maganin wannan kyauta ne. Ɗanka ya buɗe asusun Google Search Console, ya tabbatar musu cewa shafin naku ne, ya miƙa taswirar shafin, wato jerin dukkan sassansa, sannan ya yi haka a Bing Webmaster Tools.

Batun injina 500 kuwa, ina roƙon ka tambayi mutum goma a Babbar Kasuwa da me suke bincike a wayoyinsu. Kusan dukkansu Google za su ce. Yahoo da DuckDuckGo ma da sakamakon Bing suke dogara a mafi yawan abin da suke nunawa. To ina sauran ɗaruruwan suke? Alkawarin sahun farko cikin mako biyu kuma, babu wani mahaluki da yake da ikon cika shi, kuma kamfanin Google da kansa ya sha gargaɗin mutane a kan masu irin wannan alkawari.

Hajiya Mai Turare:
Injiniya, ban musa maka a kan wannan saurayi ba, amma kada ka sa Alhaji ya ɗauka cewa duk wanda ya biya kuɗi asara ya yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni shekara guda na yi ina jiran hanyar kyautar nan, shafina na humra da turaren wuta yana can shafi na biyar ko na shida na sakamakon bincike, inda babu mai leƙawa. Gabanin ƙaramar salla na biya kuɗin talla, washegari na ga sunana a saman wayata da idona, kuma a makon nan aka kira ni daga Abuja da Kaduna aka yi ciniki, har wata mai haɗa lefe ta zama abokiyar cinikina ta dindindin. Saboda haka ni dai a wurina biya yana da rana.

Baba Malam na Laburare:
Salamu alaikum. Na karanta bayanan Injiniya da na Hajiya, kuma a ganina kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Na yi aikin laburare shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma muna cikin waɗanda suka fara koya wa ɗalibai neman bayani a intanet, don haka ku yi haƙuri da ni in ɗan tsawaita.

Da farko a bambanta kundi da injin bincike. Kundi mutane ne suke tsara shi, suna duba shafi su ajiye shi a ƙarƙashin fanninsa, kamar yadda muke yi wa littattafai a akwatin kati. Yahoo da haka ya fara a 1994, lokacin da Jerry Yang da David Filo suke tara shafukan da suka burge su suna rarraba su fanni-fanni. Da shafuka suka yi yawa, sai kamfanin ya sa wa shafukan kasuwanci kuɗi, dala 299 a shekara. Abin lura shi ne wannan kuɗi ba na shiga ba ne, na dubawa ne. Idan editansu ya duba ya ga shafin bai cancanta ba, zai ƙi sa shi, kuma kuɗin ba ya dawowa. A ɗaya ɓangaren akwai kundin DMOZ da aka kafa a 1998, wanda 'yan sa-kai ne suke gudanar da shi kuma ba a biyan ko kwabo, amma mutum yakan miƙa shafinsa ya yi watanni yana jira babu amsa, domin editan fanninsa yana da nasa aikin da yake ci da shi. Ɗaya yana cin kuɗinka, ɗaya yana cin lokacinka. Dukansu biyu sun rufe, na Yahoo a ƙarshen 2014, DMOZ kuma a watan Maris na 2017, saboda mutane sun daina bin fannoni suna lalube, sun koma rubuta abin da suke so kai tsaye.

Abu na biyu shi ne biyan kuɗin shiga rumbun injin bincike. An taɓa yin wannan da gaske. Kamfanin Inktomi ya yi, Yahoo ma ya yi, inda kake biya domin a tabbatar manhajarsu ta karanta shafinka a kai a kai, ba tare da alkawarin matsayi ba. Yahoo ya daina wannan a ƙarshen 2009. Wato kayan da saurayin nan ya kawo wa Alhaji ya taɓa zama kayan kasuwa, amma kasuwarsa ta tashi tun da daɗewa.

Abu na uku shi ne sayen matsayi, wanda shi ne abin da Hajiya ta yi. Kamfanin GoTo na Bill Gross ne ya shahara da shi tun 1998, inda 'yan kasuwa suke taya kalma kamar a gwanjo, wanda ya fi tayi ya hau sama, kuma ba ya biya sai an latsa sunansa. Daga baya ya koma Overture, Yahoo ya saye shi a 2003. Google ya fara nasa tsarin talla mai suna AdWords a 2000, wanda yanzu ake kira Google Ads. Da mutane suka fara rikicewa tsakanin talla da sakamako na gaskiya, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta rubuta wa injinan bincike a 2002 cewa su riƙa bambanta su a fili, shi ya sa kuke ganin alamar talla a kan waɗanda suke saman shafi.

Don haka Alhaji, idan saurayin ya dawo, ka tambaye shi a cikin ukun nan wanne yake sayarwa: dubawa, ko shiga, ko matsayi?

Alhaji Mai Fata:
Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya. Wallahi da ban kawo maganar nan ba da na yi cinikin biri a sama. Amma Injiniya, ka ƙara mini haske a kan abin da Hajiya ta yi. Idan na biya na hau sama, shin zan zauna a can ne ko kuwa?

Injiniya na Mabera:
Ba za ka zauna ba, Baba Alhaji. Duk lokacin da wani ya rubuta kalma a injin bincike, ana yin gwanjo a take tsakanin masu tallar da suka zaɓi wannan kalma, kafin ma shafin ya gama buɗewa. Ba yawan tayi kaɗai ake dubawa ba, ana duba dacewar tallar da abin da mutumin ya nema da kuma ingancin shafin da za ta kai shi. Kai ne za ka faɗi iyakar abin da za a kashe maka a rana, kuma ana cire kuɗi ne a kan kowace latsawa, ko mai latsawar ya saya ko bai saya ba. Ranar da kuɗin suka ƙare, a ranar sunanka zai sauka. Kuma biyan talla ba ya ɗaga shafinka ko taki ɗaya a cikin sakamakon kyauta da ke ƙasa, domin hanyoyi ne guda biyu da ba su haɗu ba. Shi ya sa nake ce wa masu ba ni aiki talla rumfar haya ce, sakamakon kyauta kuwa gini ne a filinka.

Hajiya Mai Turare:
Ƙanena, to ai shagona na Gawon Nama ma haya nake yi shekara takwas ke nan, kuma da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Haya ba aibi ba ce idan cinikin ya fi kuɗin hayar. Sannan wannan kyauta da kuke ta faɗa, a gaya wa Alhaji gaskiya cewa sunanta ne kyauta. Wa zai zauna ya rubuta bayanin kowace jaka, ya rage nauyin hotuna domin su buɗe da wuri a ƙaramar waya, ya riƙa sabunta farashi? Ko ɗansa ya bar karatu ya yi, ko kuma a kira irinku a biya. Kuɗin da ba a ba kamfani ba, Injiniya ake ba.

Amma domin in yi adalci, bari in faɗi wautar da na tafka da hannuna a karon farko. Na zaɓi kalmar turare ita kaɗai, ban iyakance garuruwan da za a nuna tallar ba, ban kuma sa iyakar kuɗin rana yadda ya kamata ba. Cikin kwana uku kuɗin wata guda suka ƙare, masu neman turaren kwalba na waje da masu neman yadda ake haɗa turare a gida duk suka yi ta latsawa, babu wanda ya sayi ko kwalba ɗaya. Sai a karo na biyu na koyi rubuta abin da mai saye yake rubutawa, kamar humrar amare ko turaren wuta na lefe, na kuma zaɓi garuruwan da nake da direban da zai kai saƙo. Ga kuma wahalar biya, domin akwai lokacin da katunan naira suka daina aiki a sayayyar waje, sai da na nemi wata hanya.

Injiniya na Mabera:
Na karɓi wannan, Hajiya, kin kama ni. Aikin yana cin lokaci, kuma mu ma ba sadaka muke yi ba. Bambancin da nake nufi kawai shi ne bayanin jakar da aka rubuta bana yana nan yana aiki baɗi, latsawar da aka saya jiya kuwa ta tafi.

Mai Masauki na Runjin Sambo:
Salamu alaikum. Ina ganin an manta da wanda ya fi kowanne amfani ga mai shago a gari irin namu, wato shiga taswira. Google Business Profile kyauta ne, kuma shi ne yake fito da sunan wuri da lambar waya da lokacin buɗewa da hanyar zuwa. Mafi yawan baƙin da suke sauka a wurina, ko waɗanda suka zo ziyarar Hubbare ko iyayen da suka kawo 'ya'yansu Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba shafina suke buɗewa ba. Suna rubuta masauki a Sokoto ne, taswira ta nuna musu wurare na kusa, su karanta abin da waɗanda suka riga su suka rubuta, su kira. Baƙon da ya zo daga Legas yana son tsarabar fata ma haka zai yi. Sai dai Alhaji ya yi hattara, domin da zarar lambarka ta fito a fili za a fara kiranka. Ni an kira ni sau biyu ana cewa za a goge wurina daga taswira idan ban sabunta rajista da kuɗi ba. Babu wata sabuntawa ta kuɗi, 'yan damfara ne.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta:
Ina gaida iyayena na wannan zaure. Tambayata ga Yaya Injiniya ita ce, ko da kundayen nan 500 ba su da masu karatu, ai kowannensu zai ba da mahaɗi zuwa shafin Baba Alhaji, kuma an koya mana cewa tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kansa yana ƙirga mahaɗai kamar ƙuri'a. Shin ba za su taimaka ta wannan fuska ba?

Injiniya na Mabera:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena, kuma a kan wannan fahimta aka gina dubban kundayen bogi a shekarun baya, waɗanda ba don mai karatu aka yi su ba sai don sayar da mahaɗi. A watan Afrilu na 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin domin ya magance wannan, kuma shafuka da yawa da suka sayi mahaɗai suka rufto daga sama. A ƙa'idarsu, mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa dole a yi masa alamar da za ta hana a ƙirga shi a matsayin ƙuri'a. Saboda haka mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da mahaɗan kuɗin su tafi a banza, mafi muni kuma a hukunta shafin.

Wannan ba ya nufin duk kundi banza ne. Ni da tambaya biyu nake auna kowanne. Ta farko, akwai mai saye na gaske da yake shiga wurin yana neman kaya? Ta biyu, suna ƙin karɓar wani, ko kuwa duk wanda ya zo shiga yake? Kundin ƙungiyar 'yan kasuwa ko na masu fitar da kaya waje, wanda ake tantance mutum kafin a sa shi, yana da daraja ko da ana biyan kuɗin zama mamba. Dandalin saye da sayarwa irin Jiji kuma yana barin ka sa kaya kyauta, sannan ya sayar maka da ɗagawa sama idan kana so, kuma a can aƙalla ka san akwai masu dubawa.

Baba Malam na Laburare:
Ina da ɗan gyara ga ɗana Injiniya a kan maganar gini a filinka. Filin ba naka ba ne, na mai kasuwa ne, kuma yana sauya doka ranar da ya ga dama. Sashen kayan sayarwa na Google kyauta ne da farko, a 2012 aka mayar da shi na kuɗi, waɗanda suka dogara da shi suka wayi gari sai sun biya, sannan a 2020 aka sake buɗe ƙofar kyauta. A 2017 Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanin yuro biliyan 2.42 saboda fifita wannan sashe nasa a kan na abokan hamayya a sakamakon bincike. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu Page da Brin, a takardar da suka rubuta a 1998 suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, sun nuna cewa injin binciken da yake rayuwa da kuɗin talla zai karkata ga masu talla ya bar bukatar masu bincike. Ku ɗauki wayarku ku nemi wani kaya mai tsada, ku ga sau nawa za ku ja fuskar wayar kafin ku wuce tallace-tallace. Wanda yake na ɗaya a sakamakon kyauta yau ba shi ne na ɗaya a idon mai waya ba. Saboda haka ina ba Alhaji shawara ya riƙe lambobin abokan cinikinsa a littafi, kamar yadda iyayenmu suke yi, domin wannan kam babu kamfanin da zai sauya masa doka a kai.

Hajiya Mai Turare:
Allah ya saka da alheri, Baba Malam, ka faɗi abin da na kasa tsarawa. Ina ƙara wa Alhaji da cewa ya kula da harshe. Mu muna rubuta Sakkwato, amma mai saye daga kudu Sokoto zai rubuta, kuma da Turanci zai nemi jakar. Wanda yake Birnin Konni ko Yamai kuma wataƙila da Faransanci ko da Hausa. Idan shafin ba ya ɗauke da kalmomin da suke rubutawa, to ko an biya ko ba a biya ba, ba za a haɗu ba.

Alhaji Mai Fata:
Jama'a, ga yadda aka kwana. Daren jiya ɗan ƙanena ya zo muka zauna da bayanin Injiniya a gabanmu. Ashe lokacin da yake gina shafin ya sa alama a wani ɗan akwati da yake hana injinan bincike karanta shi har sai an gama aiki, da aka gama kuma ya manta bai cire ba. Wata huɗu muna zaune ƙofa a kulle muna jiran baƙi. Ya cire alamar, ya buɗe asusun da aka ce, ya miƙa taswirar shafin, kuma ya fara rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto da Hausa da Turanci.

Saurayin ya dawo yau da hantsi. Na yi masa tambayar Malam, ya ce duka ukun yake sayarwa. Na ce to ya buɗe mini guda ɗaya daga cikin 500 ɗin ya nuna mini wani baduku da yake ciki, ya daɗe yana latse-latse sannan ya ce sabis ne babu kyau. Da zai tafi ya ce in kawo dubu 30. Na ba shi ruwa ya sha muka yi sallama. Ina da niyyar gwada talla da kuɗi kaɗan gabanin babbar salla, idan Hajiya za ta yarda yaron ya zo ta nuna masa yadda ake iyakance garuruwa. Batun taswira kuma mun fara, amma sun ce sai mun ɗauki bidiyon shagon domin tabbatarwa.

Hajiya Mai Turare:
Ya zo ranar Asabar bayan azahar, Alhaji, zai same ni a shago. Ya taho da jerin garuruwan da kuke iya aika kaya da farashin kowace jaka.

Mai Masauki na Runjin Sambo:
Alhaji, a bidiyon nan suna son ganin titi ko wata alama ta unguwa, da allon sunan shagon, da kayan aiki, da abin da zai nuna kai ne mai wurin, kamar buɗe ƙofa da makulli, kuma a ɗauka a tafi ɗaya ba tare da yankewa ba. A iya sanina da shagonka babu allo a ƙofarsa. Ka sa a rubuta maka tukuna, kuma sunan da ke jikin allon ya zama daidai da wanda kuka rubuta a taswirar, harafi da harafi.

Alhaji Mai Fata:
Gaskiya ne babu allo, tun zamanin mahaifina da baki ake kwatanta shagon. Gobe in Allah ya kai mu zan aika a kira mai fenti.